Rariyar da ke Cikin Ɗan Adam

Wata ranar Talata, bayan an idar da sallar la'asar, wani dattijo maƙwabcinmu a nan Gyallesu, wanda a haife ya haife ni, ya shigo ɗakin da nake duba marasa lafiya, muka gaisa, sannan ya zaro wata kwalba daga aljihun rigarsa ya ajiye a kan tebur, ya ce, “Likita, ɗana ne ya aiko mini da wannan. Wai a waya ya ji ana bayani cewa kumburin ciki da kasala da ciwon gaɓoɓin da nake fama da su duk daga yoyon hanji suke, wannan kuwa shi ke liƙe shi.” Na ce, “Baba, nawa ya saya?” Da ya faɗi kuɗin, sai na ga sun isa su wadata gidansa da wake da ganye har tsawon wata guda. Tun daga ran nan na ɗaura niyyar yin wannan rubutu, domin mas'alar tana da gaskiya a cikinta, kuma akwai shubuha, wajibi ne kuwa a kan wanda Allah ya ba shi ɗan sani ya rarrabe wa jama'a tsakaninsu.

Hanjin ɗan Adam, idan da za a warware dukkan lanƙwasarsa a shimfiɗe, zai rufe kimanin murabba'in mita 30, amma abin al'ajabi shi ne, duk faɗin nan, abin da ya shiga tsakanin abincin da ke cikinsa da jinin mutum bai wuce layi ɗaya tak na ƙwayoyin halitta ba, waɗanda aka jera su kafaɗa da kafaɗa kamar sahun salla, aka ɗinke tsakanin kowace da 'yar'uwarta da wani ɗinki mai ƙarfi, aka kuma shafe samansu da majina mai kauri. Aikin wannan fata aikin rariya ne: ta bar ruwa da gishiri da amfanin abinci su wuce, ta tsare ƙwayoyin cuta da dafinsu. Cikin hikimar Mahalicci kuma, takan sabunta kanta duk bayan kwana 3 zuwa 5. To, idan ɗinkin nan ya saki, idon rariya ya yi faɗi, sai abin da ya kamata ya fita tare da bayan gida ya riƙa tsallakawa, garkuwar jiki kuwa ta tashi tana yaƙi ba dare ba rana. Wannan haƙiƙa ce da ake iya aunawa, har a shekarar 2000 Alessio Fasano da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana wani sinadari mai suna zonulin wanda ke sassauta ɗinkin.

Inda shubuhar ta shigo shi ne da'awar cewa yoyon hanji cuta ce mai zaman kanta wadda ita ce ummul'aba'isin kowace kasala da ƙuraje da mantuwa, kuma akwai kwalbar da ke toshe ta. Likitoci ba su da wata cuta da suke rubutawa da wannan suna. Abin da suka sani shi ne, sakin ɗinkin alama ce da ke tafiya tare da wasu larurori, kamar cutar Crohn, da rashin jituwar hanjin wasu mutane da alkama, da shan giya, da yawan shan wasu magunguna, kuma maganinsa yana ga kawar da sababin.

Sababin Baba bai yi wuyar samu ba. Da na tambaye shi abin da yake sha saboda gwiwa, sai ya ce kusan kullum da asuba, kafin ya karya, yakan haɗiyi haɗin da ake ƙulla masa a kemis, da ya kawo mini ƙullin washegari kuwa, sai ga daiklofenak da ibuprofen tare a leda ɗaya. Waɗannan magunguna da danginsu, har da asfirin, suna daga cikin abubuwan da aka fi tabbatar da cewa suna yi wa fatar ciki da hanji rauni, kuma na sha ganin illarsu ga leburori da masu tuƙa Keke Napep da ke neman abin da zai kashe musu gajiya. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ya ga jini, ko yana ramewa ba dalili, kada ya jinkirta zuwa asibiti. Haka nan mai zazzaɓin da ya daɗe, sannan cikinsa ya ɗaure ya yi tauri, domin taifod takan huda hanji huda ta sosai, wannan kuwa sai tiyata, a garzaya da shi asibitin Shika ko asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan.

Sai dai ba don dattawa kaɗai na ɗauki alƙalami ba, domin waɗanda rariyarsu ta fi lalacewa a unguwanninmu ba su da waya, ba su ma iya magana ba tukuna. A shekarar 1991, Peter Lunn da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon binciken da suka yi a kan jarirai a yankin Keneba na ƙasar Gambiya, inda suke ba yaro ruwa mai sukari iri biyu, ɗaya ƙanana ne ƙwayoyinsa, lafiyayyen hanji na tsotse shi, ɗayan kuwa manya, bai kamata ya wuce ba sai ɗan kaɗan, sannan su auna abin da ya fito a fitsari. Suka tarar cewa lalacewar fatar hanji ita ke da alhakin kusan kashi 43 cikin ɗari na tawayar girman yaran nan. Yaron da kullum yake haɗiyar ƙwayoyin cuta daga ƙasa da ruwa da hannu, 'yan tsirran da ke cikin hanjinsa masu tsotsar abinci sukan gajarce su daƙushe, sai ya zama abinci na shiga amma jiki ba ya amfana, ko da kuwa ba ya gudawa. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57.

Na tuna wata baiwar Allah da ta kawo mini ɗanta mai wata 18, wuyan hannunsa bai fi yatsuna biyu ba, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, tana rantsuwa cewa ba ta taɓa barinsa da yunwa ba, surukarta kuwa ta ce haƙori ne. Na gaskata uwar. Da na ziyarci gidan, sai na iske tsakar gida a share tas, amma kaji da awaki na yawo a inda yaron ke rarrafe, randa a buɗe, moɗa ɗaya kowa ke tsomawa, fo ɗin yara kuma a jingine kusa da madafa. Na ce da surukar, “Inna, babin ɗahara da muka karanta a Ahalari da Ishmawi ai bai tsaya ga tufafin salla ba, bakin jikan nan naki ma yana da haƙƙi a cikinsa.” Ta yi shiru jim kaɗan, ta ce a ɗaure awakin.

Ba zan ɓoye ba cewa manyan gwaje-gwajen da aka yi a Bangaladash da Kenya da Zimbabuwe, waɗanda sakamakonsu ya fito a 2018 da 2019, sun nuna gina masai da raba sabulu kaɗai bai ƙara wa yara tsawo ba, abin da ke nuna cewa najasar da ke kewaye da yaro ta fi ƙarfin gyaran rabi da rabi, kuma akwai nauyin ruwan famfo da magudanai da ke wuyan hukuma. Amma abin da ke hannun iyaye ba kaɗan ba ne: nonon uwa zalla har wata 6 ba tare da ko ruwa ba, rigakafin gudawar rota da aka shigar cikin jerin rigakafin yara a ƙasar nan a 2022, tabarma mai tsabta nesa da kashin kaji, idan gudawa ta zo, ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka yi umarni tun 2004, domin zink na taimaka wa fatar hanji ta farfaɗo. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna kuma a zubar, kada a ce asara ce, domin binciken da aka yi a Benin da Togo a 2002 ya samu dafin wannan fumfuna ya fi yawa a jinin yaran da suka fi tsumburewa.

Abincin da ke gina rariyar babba kuwa yana kasuwar Tudun Wada tun kaka da kakanni. Ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a babban hanji suna cin dusar gero da dawa, da wake, da kuka da kuɓewa da zogale da rama, su mayar da su wani sinadari wanda shi ne abincin fatar hanjin kanta. Kindirmon da aka yi da dafaffiyar madara da daddawa su ma suna da nasu alherin. Latas da kabejin lambunan bakin Kubanni da Galma kuwa, a wanke su sosai da ruwa mai tsabta kafin su shiga kwano.

Baba ya daina haɗin asuba, na ba shi maganin gyambon ciki, muka sauya masa na gwiwa, na kuma roƙe shi ya koma wa tuwon dawa miyar kuka da daddare. Bayan mako shida ya dawo, ya ce kumburin ya sauka amma gwiwa na nan, sai na rubuta masa takardar zuwa ɗaukar hoton ƙashi.