Darasin Mako: Gadar da ta Haɗa Afirka da Asiya

Ya 'yan'uwa ɗalibai, ku duba taswirar ƙasar Masar ta arewa maso gabas, za ku ga wani siririn layin ruwa da ya taso daga Bahar Rum ya gangaro Bahar Maliya. Wannan shi ne mashigin ruwan Suwez. Ba kogi ba ne, mutane ne suka haƙa shi.

An fara haƙar a shekarar 1859 ƙarƙashin jagorancin wani Bafaranshe mai suna Ferdinand de Lesseps. A shekarun farko talakawan Masar aka riƙa tarowa ana sa su aikin tilas da diga da kwando. An buɗe mashigin ranar 17 ga Nuwamba, 1869. Kafin nan, jirgin ruwan da ya taso daga Turai zuwa Indiya sai ya zagaye nahiyar Afirka kaf ta kudu. A yau tsawon mashigin ya kai kimanin kilomita 193.

Abu mai daraja ba ya rasa masu rigima a kansa. Bashi ya sa Masar ta sayar wa Ingila hannun jarinta a 1875. A watan Yulin 1956 Shugaba Gamal Abdel Nasser ya mayar da mashigin mallakar Masar, sai Ingila da Faransa da Isra'ila suka kai mata yaƙi. Bayan yaƙin 1967 kuma mashigin ya zauna a rufe har 1975.

To, ga inda darasin yake. Mashigin ya haɗa tekuna biyu, amma ya yanke ƙasa gida biyu. Yankin Sinai, wanda yake cikin nahiyar Asiya, ya koma tsallaken ruwa, manomi da direban babbar mota sai sun jira jirgin fito. Yaya za a gina gada ba tare da an tare wa manyan jirage hanya ba?

Amsar tana garin Ƙantara, wanda sunansa ma da Larabci gada yake nufi. A can aka gina Gadar Salam da taimakon ƙasar Japan, aka buɗe ta a watan Oktoban 2001. Injiniyoyi sun ɗaga titinta mita 70 sama da ruwa don jirage su wuce ta ƙarƙashi. Ba su kafa ginshiƙi a tsakiyar ruwa ba. Dogayen ginshiƙai biyu suka kafa, ɗaya a kowace gaɓa, masu tsawon mita 154, sannan suka rataye titin da igiyoyin ƙarfe. Tazarar da ke tsakanin ginshiƙan mita 404 ce. Da yake mota ba ta iya hawa tudu mai miƙewa, sai aka fara ɗaga titin tun daga nesa, shi ya sa tsawon gadar ya kusan kilomita 4.

Me ya sa aka sha wannan wahala don a bar hanyar a buɗe? A watan Maris na 2021 jirgin dakon kaya Ever Given ya gitta a mashigin kwana 6, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko da kayan kasuwannin duniya.

Tambayar mako: wace nahiya direba ya bari, wace ya shiga, idan ya haye gadar ya nufi gabas? A jefa amsa a akwatin ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Juma'a.