Kunne Kafin Yatsa: Nasiha Ga Masu Koyon Jita

'Ya'yana da ƙannena da kuke haɗuwa a Nassarawa kuna koyon kaɗa jita, a cikinku akwai ɗan firamare wanda jitar ta kusa fin shi tsawo, akwai budurwa mai jiran sakamakon jarrabawa, akwai ma'aikacin da yake zuwa daga ofis a gajiye, akwai uwar 'ya'ya, akwai kuma mai furfura irina wanda ya ajiye aiki. Wannan haɗuwa taku ta faranta mini rai, shi ya sa nake so in ba ku shawara guda wadda sauran shawarwarin duk suke rataye a jikinta: ku koyi saurare kafin ku koyi sauri. Yatsa bawan kunne ne. Abin da kunne bai kama ba, yatsa ba zai iya fitar da shi ba ko da ya shekara yana yawo a kan tsirkiya.

Unguwar da kuke zaune ta saba da irin wannan zama. A nan Nassarawa ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Arewa a 1909. Akwai sashen 'ya'yan sarakuna, akwai na koyon sana'ar hannu, akwai kuma na malamai magidanta waɗanda suka riga suka yi nisa a karatun allo da na littattafai, amma suka yarda suka zauna suka koyi baƙon rubutu daga farko. Gidan Ɗan Hausa yana nan har yau, kuna wuce shi. Babba da yaro su durƙusa a gaban sabon ilimi a wuri ɗaya daɗaɗɗen abu ne a wannan unguwa.

Kiɗa kuwa a ƙasar Hausa dama a cikin jama'a ake koyon sa. Yaron makaɗi yakan fara da ɗaukar kaya da shanya fata, yana zaune a gefe yana ji. Daga nan a sa shi cikin 'yan amshi, inda aikinsa shi ne ya jira, ya shigo daidai lokacin da ya kamata, ya haɗa muryarsa da ta 'yan'uwansa har a kasa ware tasa. Sai ya daɗe a haka kafin a miƙa masa ganga. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya yi shekaru yana amshi a ƙungiyar mahaifinsa da ta yayansa Abdu Kurna kafin ya zama jagoran tasa. Duk wanda ya saurari yadda waƙarsa take shiga cikin amshi ta fito ba tare da karo ba, ya san wannan zaman bai tafi a banza ba. Ajinku na jita yana ba ku irin wannan tarbiyya, in kun gane darajarta.

Ku lura da abin da yake faruwa a farkon kowane darasi. Kowa ya rungumi jitarsa, malam ya kaɗa tsirkiya ɗaya, ku kuma ku bi shi kuna murɗa maɗauri. Idan tsirkiyarka ta kusa daidai da tasa amma ba ta kai ba, za ka ji sautin biyu suna rawa a tsakaninsu, yana kumbura yana sacewa. Kana ƙara murɗawa a hankali, rawar tana raguwa, har ta tsaya cik, sautin biyu su zama ɗaya. Na san akwai manhajar waya da take nuna muku kore idan tsirkiya ta daidaita, kuma tana da amfaninta. Amma ina roƙon ku, ku fara gwadawa da kunne, sannan ku duba waya ta tabbatar muku. Wanda ya saba jin wannan 'yar rawa ta sauti ya mallaki abin da zai yi masa aiki har tsufa.

Haka kuma idan kuka fara kaɗawa tare. Mai koyo shi kaɗai a ɗaki yakan yi sauri inda ya iya, ya ja ƙafa inda ya yi masa wuya, kuma ba ya sanin yana yi. A cikin aji ba a ɓoye wannan. Da ka yi gaba ko ka yi baya, sai ka ji ka fita daga sahu. Maganinsa shi ne ka rage ƙarfin kaɗawarka har ka riƙa jin na kusa da kai. Idan jitarka kaɗai kake ji, to ka cika ƙara. Idan ka ɓata, kada ka tsaya kana neman gafara, ka ci gaba da ƙirga a zuci, ka sake shiga a bugu na gaba. Wannan darasi ne da babu bidiyon YouTube da zai koya maka, domin bidiyo ba ya jin ka.

Ku manya, ina da magana da ku ta musamman. Za ku ga yaro ɗan shekara goma ya kama abin da kuka kwana kuna fama da shi, kuma zuciya za ta raya muku cewa lokaci ya wuce. Gemu ba ya hana ilimi. Malam Mamman Barka na Jamhuriyar Nijar ya riga ya yi suna da kiɗan gurmi, ya haura shekara arba'in, lokacin da ya tafi bakin Tafkin Chadi a 2002 ya zauna a gaban wani tsoho mai suna Bukar Tar don ya koyi biram, wani kayan kiɗa mai tsirkiya biyar na mutanen Buduma wanda ya kusa ɓacewa. Ya koma ɗalibi bayan ya zama gwani, kuma ta dalilinsa duniya ta ji biram kafin rasuwarsa a 2018. Yaro ya fi ku laushin yatsu, ku kuma kun fi shi haƙuri da sanin dalilin zuwanku, kuma kunnenku cike yake da kiɗan shekaru masu yawa. Kada ku ji nauyin cewa, "Yaro, zo ka nuna mini inda ka sa yatsan nan." Ku kuma yara, idan baba ko inna ta tambaye ku, ku nuna da ladabi, ku maimaita ba tare da gajiya ba. Duk abin da ka koya wa wani, a ranar yake zama naka na gaske.

Sai batun ƙa'idojin kiɗa, wanda na san wasunku suna jin sa kamar lissafi, suna so a wuce shi a koma kaɗawa. Ku kwantar da hankalinku. Wannan ilimi suna yake raɗa wa abin da kunne ya riga ya ji, don a iya tuna shi, a rubuta shi, a gaya wa wani. Ku gwada wannan da hannunku. Ku kaɗa tsirkiya a sake, sannan ku danne ta a gaɓa ta 12, inda yawanci ake sa ɗigo biyu a wuyan jita. Nan ne tsakiyar tsirkiyar daidai. Za ku ji sautin farko ne ya dawo, sai dai ya ƙara siranta, kamar yadda uwa da 'yarta suke rera waƙa ɗaya kowa da muryarta. Dalili kuwa shi ne rabin tsirkiya yana karkarwa sau biyu a lokacin da cikakkiyarta take yin sau ɗaya. Tsakanin waɗannan sautuka biyu akwai matakai 12, kuma duk kiɗan da jita take yi daga cikinsu yake fitowa. Daga 12 ɗin ake zaɓen bakwai ɗin da kuke rerawa, do, re, mi har zuwa sama.

Ga wani abin da zai ba ku sha'awa. Tsirkiyoyin jita shida ne, E, A, D, G, B da E, amma ta farko da ta ƙarshe sunansu ɗaya, saboda haka sautuka biyar ne. Waɗannan biyar ɗin, in aka jera su daga ƙasa zuwa sama, su ne tsani mai hawa biyar, irin wanda waƙoƙi masu yawa na ƙasar Hausa da na maƙwabtanmu a Sahel suke tafiya a kansa. Shi ya sa jita ba ta yi baƙunta a hannun Ali Farka Touré na Mali ba, wanda ya fara da ƙananan kayan kiɗan gargajiya masu tsirkiya ɗaya kafin ya ɗauke ta. Idan malaminku ya kai ku wannan tsani, ku nemi karin wata waƙar gaɗa ko ta raino da kuka sani tun kuna ƙanana, ku lalubo ta a kansa. Ranar da kuka same ta, za ku daina ganin ƙa'idoji a matsayin kayan wasu.

Dama ba na wasu ba ne su kaɗai. Sunayen do, re, mi sun samo asali ne daga aikin Guido na garin Arezzo a Italiya a ƙarni na 11, amma tun a ƙarni na 10 Alfarabi ya rubuta babban littafinsa a kan ilimin kiɗa, inda ya auna tazarar sautuka a wuyan garayar Larabawa da ake kira ud. Mu ma a nan, marubuta waƙoƙinmu sun daɗe suna auna baiti da ma'aunin aruli, suna bambance gaɓa mai nauyi da mai sauƙi. Wanda ya iya jin karyewar baiti ya riga ya fara sanin ƙirgan kiɗa. Matan da suka tashi suna tafin gaɗa, ko suka zauna kusa da masu kiɗan ƙwarya irin na Barmani Coge, suna da wannan ƙirga a tafin hannunsu. Abin da ya rage shi ne su koyi yadda ake rubuta shi.

Idan kun kai ga ɗora waƙar Hausa a kan jita, ku kiyaye da karin harshe. Hausa tana da hawa da sauka a cikin kowace kalma, tana da wasali dogo da gajere, kuma da wannan ne kalangu yake iya magana har a gane abin da ya ce. Idan karin kiɗa ya yi sama inda kalma take sauka, ko ya ja gaɓar da take gajera, mai sauraro zai ji wani abu ya goce ko da bai san sunansa ba. Ku fara furta kalmomin da baki kamar kuna hira, ku saurari hanyar da suke bi da kansu, sannan ku sa jita ta raka su.

Game da yatsu da kayan aiki, maganata kaɗan ce. Makonnin farko kan yatsun hannun da yake danne tsirkiya zai yi zafi, daga baya ya yi kanta, zafin ya wuce. Ku yanke farcen wannan hannu, ku danna kusa da ƙarfen gaɓa, kada ku matse wuyan jita da ƙarfin tsiya. Tsirkiyar roba ta fi ta ƙarfe sauƙi ga mai farawa, kuma akwai ƙananan jitoci daidai hannun yara. Minti 15 kullum ya fi awa uku rana ɗaya a mako. Lokacin hunturu iskar Kano takan busar da katako har ya tsage, don haka ku riƙa mayar da jita cikin jakarta, kada ku bar ta a mota cikin rana. Kada kuma wani ya ƙi zuwa aji don jitarsa ta hannu ce ko ta aro. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya. Mdou Moctar, Ba'abzinen Nijar wanda ya naɗi kundin waƙoƙinsa na farko a Sakkwato a 2008, ya haɗa jitarsa ta farko ne da katako da wayar birkin keke.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, domin a Kano muke. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun da daɗewa, kuma a gidaje da yawa ana kallon kiɗa a matsayin sana'ar gado wadda ba ta kowa ba ce. Kada ku raina mai wannan ra'ayi, kada ku yi masa gardama. Yaro ya zo aji da yardar iyayensa, matar aure da sanin mijinta, wanda zuciyarsa take wasiwasi ya tambayi malamin da ya amince da shi. Idan an kira salla a ajiye jita. Idan dare ya yi a tuna da haƙƙin maƙwabci. Abin da kuka rera kuma ya zama wanda ba za ku ji kunyar rera shi a gaban mahaifiyarku ba. Halinku ne zai sa a mutunta abin da yake hannunku.

Yau galibin kiɗan da yake fitowa daga ɗakunan naɗar sauti na Kano da fiyano da kwamfuta ake haɗa shi, masu molo da gurmi da kukuma kuwa suna ta raguwa, kuma kaɗan ne daga cikin karin da suke ɗauke da shi aka taɓa rubutawa. Ku da kuke koyon saurare da rubutun kiɗa a lokaci guda, kuna iya yin wani abu a kan haka. Ku nemi ɗaya daga cikin waɗannan dattawa, ku je masa da goro da girmamawa, ku nemi izininsa ku naɗi kiɗansa, ku kawo aji ku zauna ku warware shi tare, babba da yaro, ku rubuta da sunansa a kai. Wannan aiki ne da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, amma bai fi ƙarfin aji ba.

Allah ya ba ku haƙuri da juna, ya saka wa malaminku da alheri, ya sa abin da kuke koya ya amfane ku ya amfani jama'a. Amin.