HANYA TA BIYU ZUWA AIKIN INJINIYA: DAGA KWALEJIN FASAHA ZUWA JAMI'A

Gabatarwa

Kowace shekara dubban yara ne ke gama makarantar sakandare da niyyar karanta aikin injiniya, amma guraben da jami'o'in ƙasar nan suke da su ba su isar kowa. Da yawa daga cikin waɗanda ba su sami shiga ba sukan zauna gida, suna maimaita jarrabawar JAMB shekara da shekaru, har zuciya ta karaya. An shirya wannan ƙasida ne domin a bayyana wa ɗalibai da iyayensu cewa akwai wata hanya wadda hukuma ta amince da ita, watau yaro ya fara da Kwalejin Kimiyya da Fasaha, wadda ake kira foliteknik, ya sami difloma, sa'an nan ya wuce jami'a. Za mu ɗauki garin Potiskum na Jihar Yobe ya zama misali, amma bayanin ya shafi kowane gari a Nijeriya.

Makarantun da ke kusa

Potiskum mahaɗar hanyoyi ce, inda titin Kano zuwa Maiduguri ya haɗu da na Bauchi. Gari ne na manyan motoci, da garejin makanikai, da masu walda, ga kuma kasuwar shanu wadda sunanta ya kai ko'ina. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri ya saba ganin an kwance inji an mayar tun yana ƙarami. Abin da ya rage masa shi ne ilmin lissafi da kimiyya wanda zai nuna masa dalilin da ya sa injin ke aiki.

Ɗan Potiskum ba sai ya yi nisa ba kafin ya sami foliteknik. Akwai ta Gwamnatin Tarayya a Damaturu, tafiyar kimanin kilomita 100, wadda aka kafa a 1993. Akwai ta Jihar Yobe a Gaidam mai sunan Mai Idris Alooma, akwai ta Ramat a Maiduguri, da ta Tarayya a Bauchi, da babbarsu ta Kaduna. Jami'o'in da ke koyar da aikin injiniya kuwa sun haɗa da Jami'ar Maiduguri, da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, da ta Bayero a Kano, da ta Ahmadu Bello a Zariya.

A cikin Potiskum kanta akwai Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta koyar da fasaha. Sai dai a lura, aikin wannan kwaleji shi ne horar da malamai. Takardar NCE da take bayarwa bayan shekara 3 galibi tana kai mutum ga digirin koyar da fasaha ne. Wanda ya ke son ya zama injiniya, foliteknik ita ce hanyarsa.

Yadda matakan suke

Mataki na farko shi ne takardar gama sakandare, ta WAEC, ko NECO, ko NABTEB ga waɗanda suka yi makarantar koyon sana'a. Ana bukatar kiredit 5 cikin zama ɗaya ko biyu, kuma lalle a ciki a sami Turanci, da Lissafi, da Fiziks, da Kimistiri. Waɗannan darussa huɗu su ne kuma ɗalibi zai zaɓa a jarrabawar JAMB, domin ta hannun wannan hukuma ake shiga foliteknik kamar yadda ake shiga jami'a, sai dai makin da foliteknik ke nema yakan yi ƙasa da na jami'a.

Mataki na biyu shi ne ƙaramar difloma, watau ND, wadda ake yi cikin shekara 2. Bayan shekarar farko akan tura ɗalibi ma'aikata ko kamfani ya yi watanni huɗu yana koyon aiki da hannunsa, a ƙarƙashin shirin SIWES na Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu wanda aka kafa a 1971.

Mataki na uku shi ne neman shiga jami'a kai tsaye, abin da ake taƙaitawa da DE. Ɗalibi zai yanki fom ɗin Hukumar JAMB na masu difloma, ya sa makarantarsa ta aika da cikakken sakamakonsa zuwa jami'ar da ya zaɓa. Wasu jami'o'in sukan ƙara da tasu tantancewa. Wanda aka ɗauka zai fara daga aji biyu.

Lissafin shekaru

Wajibi ne iyaye su fahimci wannan lissafi tun da wuri. A Amurka, inda irin wannan tsari ya daɗe, yaro yakan yi shekara 2 a ƙaramar kwalejin garinsu, ya ƙarasa shekara 2 a jami'a, bai yi asarar lokaci ba. A Nijeriya abin ya ɗan bambanta. Digirin injiniya shekara 5 ne, kuma difloma ta shekara 2 tana rage shekara 1 ce kawai. Ke nan wanda ya bi ta foliteknik zai yi shekara 6, wani lokaci ma da ɗan jira tsakanin fitowar sakamako da buɗe fom.

To, mece ce ribar wannan ƙarin shekara? Ta farko, yaro yana cikin karatu maimakon zaman jira, kuma wanda ya yi shekara 2 yana maimaita jarrabawa a gida ya riga ya ɓata fiye da haka. Ta biyu, yana fita da takarda a hannu. Idan mahaifi ya rasu, ko kasuwa ta karye, karatu ya tsaya, mai difloma yana iya neman aiki ko ya buɗe wurin sana'arsa, alhali wanda ya bar jami'a a aji uku ba shi da abin nunawa sai takardar sakandare. Ta uku, ya saba da zanen injiniya, da awo, da aikin bita kafin ya shiga jami'a. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Abubuwa huɗu da za a kiyaye

1. Amincewar hukuma. Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedkwatarta ke Kaduna, ita ce ke duba kowane kwas na foliteknik. Kwas-kwas take amincewa da su, saboda haka makaranta guda tana iya samun wanda aka amince da shi da wanda ba a amince da shi ba. Akwai kuma difloma ta cikin gida wadda wasu makarantu ke bayarwa, wadda ba ta ƙasa ba ce. A tambaya a tabbatar kafin a biya ko kwabo.

2. Shiga ta ƙofa. Lalle ɗalibi ya ga sunansa a na'urar Hukumar JAMB, ya kuma karɓi takardar ɗauka daga gare ta. Wanda ya shiga ta hannun dillali ba tare da sanin hukumar ba zai gamu da cikas ranar da ya je yankan fom ɗin shiga jami'a.

3. Darajar sakamako. Ana auna difloma da maki 4. Daga 3.50 zuwa sama shi ne mafi daraja, daga 3.00 zuwa 3.49 babban kiredit, daga 2.50 zuwa 2.99 ƙaramin kiredit. Yawancin sassan injiniya babban kiredit suke nema, kuma guraben masu difloma kaɗan ne. Ana tara makin nan tun daga zangon karatu na farko, don haka wanda ya yi wasa a shekarar farko da wuya ya gyara a ta biyu. A ba Lissafi kulawa ta musamman, domin a jami'a shi ne ya fi wahalar da masu zuwa daga foliteknik.

4. Dacewar kwas. Mai diflomar lantarki sashen lantarki zai nema, mai ta gine-gine da hanyoyi shi ma nasa sashen. Ya kamata tun kafin a zaɓi kwas a duba littafin bayanin da Hukumar JAMB ke fitarwa, a ga abin da kowace jami'a ke karɓa, gama sharuɗɗan sukan sauya.

Idan jami'a ba ta samu ba

Wanda bai sami gurbi ba hanya ba ta toshe masa ba. Zai yi shekara 1 ta koyon aiki, ya koma foliteknik ya yi babbar difloma, watau HND, cikin shekara 2, ya tafi bautar ƙasa. Wasu jami'o'in sukan ɗauki mai babbar difloma daga aji uku. Majalisar COREN, wadda aka kafa a 1970 domin kula da aikin injiniya, tana yi wa kowa rajista gwargwadon takardarsa: mai digiri a sahun injiniyoyi, mai babbar difloma da mai ƙarama kowanne a nasa sahu. Doka ba ta yarda mutum ya kira kansa injiniya ba sai da rajistar wannan majalisa.

Batun kuɗi kuwa, a 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa asusun ba ɗalibai rance maras ruwa, NELFUND, wanda ya haɗa da ɗaliban foliteknik na gwamnati. Ana fara biya ne shekara 2 bayan gama bautar ƙasa.

Kira ga iyaye da malamai

Ƙasar nan tana bukatar masu gina hanyoyi da gadoji, da masu haƙa rijiyoyin burtsatse, da masu haɗa wutar hasken rana, da masu gyaran injinan noma, kuma an fi jin wannan bukata a jihohi irin su Yobe da Borno, inda ake sake gina abin da rikici ya rushe. Muna roƙon iyaye kada su ɗauki shiga foliteknik a matsayin faɗuwa, su kuma ba 'ya'ya mata dama kamar yadda suke ba maza. Shugabannin makarantun sakandare su bayyana wa 'yan ajin ƙarshe waɗannan matakai kafin su cika fom. Mai neman ƙarin bayani sai ya je ofishin JAMB na jiharsa, wanda na Yobe yana Damaturu, ko ofishin magatakardan makarantar da ya ke so ya shiga. Wanda ya karanta wannan ƙasida ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah Ya ba yaranmu ilmi mai amfani, amin.