Tsargiya

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa ganin yaro yana fitsari, a ƙarshe jini ya biyo? Waɗansu mutane suna cewa wai alamar balaga ke nan. Ba haka ba ne. Ciwo ne, sunansa tsargiya, tsutsa ce kuwa ke kawo shi.

Wani likita Bajamushe, ana ce da shi Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar nan a Alƙahira cikin shekarar 1851. Siririya ce kamar zare, tsawonta bai wuce gaɓar yatsa ba. Takan zauna cikin jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, tana ta zuba ƙwai. Ƙwan nan shi ke huda mafitsara ya fita tare da fitsari, shi ya sa kake ganin jini.

To, ga yadda ciwon ke yaɗuwa. Kadan mai tsargiya ya yi fitsari cikin kududdufi ko rafi, sai ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin wata 'yar katantanwa ta ruwa. Bayan kamar wata guda su fito dubbai, ƙanana ainun, ido ba ya ganinsu. Duk wanda ya shiga ruwan nan, ko don wanka, ko wanki, ko kamun kifi, ko dashen shinkafa, sai su huda fatarsa su shige. Ba sai ya sha ruwan ba.

Kada ka raina ciwon nan don ba ya kwantar da mutum nan da nan. Yakan rage wa yaro jini, ya hana shi girma da karatu. In ya daɗe ya ɓata mafitsara da ƙoda, ya jawo wa mace wahalar samun haihuwa.

Saboda haka ka kiyaye abu uku.

Na fari, kada ka yi fitsari cikin ruwa ko a bakinsa.

Na biyu, ruwan wanka in na kududdufi ne, a tafasa shi, ko a ajiye shi kwana biyu, gama 'ya'yan tsutsar ba su daɗewa in ba su sami mutum ba.

Na uku, in ka ga jini, tafi asibiti. Akwai magani na haɗiya, sunansa firazikwantel, yana kashe tsutsar. Amma ka sani, wanda ya warke ya koma ruwan nan, ciwon zai komo masa.

In ka karanta wannan, ka gaya wa wanda bai iya karatu ba.