Yadda Ake Gano Adadin Bugun Sensar Gudu Kafin A Ɗaura Na'urar Riƙe Gudu

Duk wanda ya taɓa tuƙa mota daga Kano zuwa Maiduguri, ƙafarsa a kan totur tun hantsi har la'asar, ya san fa'idar na'urar nan da ke riƙe gudun mota a inda direba ya ajiye shi. Amma da yake motoci da dama sun fito daga masana'anta ba tare da ita ba, sai a sayo ta daban a ɗaura, kuma ba za ta yi aiki bisa ƙa'ida ba sai an sanar da ita adadin bugun da sensar gudu ke aikowa a kowane mil. Sensar nan, wadda galibi ke jikin giyabos, tana bugawa ne kamar jijiyar hannu, gwargwadon saurin juyawar taya.

Da farko rewaya zai nemi taswirar wayoyin motar, ya gano wayar da ke ɗaukar bugun zuwa maleji, sa'an nan ya dubi sensar da idonsa. Idan waya biyu gare ta, to mai maganaɗisu ce da ke haifar da wutarta da kanta, wutar da ke rauni a tafiyar sannu, ta ƙarfafa idan mota ta ɗau hanya; idan kuwa uku ne, ɗaya ta kawo wuta, ɗaya ta tafi jikin mota, ta ukun ita ce wadda muke nema, wadda wutarta ke tashi da faɗuwa tsakanin sifiri da bolt 5 ko 12. Wayoyi masu rawayar riga kuwa na jakar iska ne, haramun ne a soke su da kowane irin abin gwaji.

Daga nan sai a ɗauko mita mai auna Hz, wato yawan bugu a daƙiƙa, a damƙa baƙar wayarta a ƙarfen mota mai tsabta, jar kuwa a zura ta da siririyar allura ta bayan soket, ba tare da an yanke komai ba. Wasu kan ɗaga tayoyin a kan jak su sa giya, amma a ganina hanya shimfiɗaɗɗiya ta fi aminci, mutum ɗaya yana tuƙi, na biyu yana riƙe da mita a cinyarsa, da wayar salula mai nuna gudu ta tauraron ɗan Adam, domin maleji kan yi ƙari kaɗan. Direba ya tsayar da gudu a kilomita 60 a awa, mai mita ya jira lambar ta daina rawa ya rubuta. A sake a kilomita 30, idan adadin ya sauka zuwa rabi, an samu hujja cewa wayar ita ce, ba hayaniyar inji mita ke kamawa ba.

Lissafin ba shi da wuya ga mai natsuwa. Tun da awa guda daƙiƙa 3600 ce, sai a ninka abin da mita ta nuna sau 3600, a raba da gudun motar, a samu adadin bugu a kowane kilomita. Alal misali, tsofaffin motocin Japan da yawa an gina su bisa ƙa'idar juyi 637 a kilomita, da bugu huɗu a kowane juyi, wato 2548. Irin wannan mota za ta nuna kusan 42 da rabi a kilomita 60, 2548 ɗin kuwa idan aka mayar da shi mil zai kai kimanin 4100, sai a jera ƙananan makunnan cikin na'urar a kan 4000. Motocin General Motors an san su da 4000, na Ford da 8000, to amma waɗannan alkaluma zato ne kawai game da tokumbo wadda wataƙila an sauya mata giyabos ko girman taya. In an yi kuskure a nan, mota za ta riƙa fizga tana sakewa, ko na'urar ta ƙi kamawa ɗungurungum.

Motocin baya-bayan nan suna ɗaukar gudu daga sensar birkin ABS, su aika shi a matsayin saƙon kwamfuta ta layin CAN, inda mita ba za ta fahimci komai ba. Maganinsu ƙaramin akwatin da ke fassara saƙon zuwa bugu, ko a ɗaure maganaɗisu a farfela da sensa ta daban.

Bayan an jona komai, kafin a hau babban titi, wajibi ne a jarraba a hanyar da ba cunkoso cewa taɓa birki, da kuloci idan akwai, yana sakin totur nan take, musamman a motar da aka sa wa ƙwan birki na LED, domin na'urori da dama ta zaren tsohon ƙwan suke gane an taka birki.