Yadda Zaman Mutane Ke Shiga Cikin Ilminsu

Jama'a masu karatu, darasinmu na wannan mako ya shafi wata magana da ɗalibai suka cika gardama a kanta, watau ko ilmi yana da gari. Waɗansu sun ce gaskiya ɗaya ce, saboda haka ba ruwan ilmi da al'adar mai shi. Waɗansu kuwa sun ce kowane ilmi ɗan gidansu ne, wanda bai fito daga gidanmu ba bai kamata mu taɓa shi ba. To, bari mu duba abin da tarihin malamanmu ya nuna.

Mu fara da harshen Larabci, da yake shi ne sana'ata. Kalmar da Larabawa ke kiran hankali da ita, watau aƙlu, asalinta ɗaya da iƙalu, igiyar da ake yi wa raƙumi dabaibayi da ita. Mutumin hamada da ya so ya siffanta abin da ke hana ɗan Adam faɗawa cikin ɓarna, sai ya dubi raƙuminsa. Haka kuma Halilu ɗan Ahmadu na Basra, wanda ya ƙago ilmin aruli na auna waƙa, bai je nesa neman sunaye ba, daga tantin Balaraben ƙauye ya ɗebo su. Baiti ɗaki ne, sababu igiyar ɗaure shi ce, watadu kuwa turken da ake kafawa a ƙasa. Ɗalibi a Zariya ko Sakkwato yakan haddace waɗannan kalmomi shekara da shekaru bai san cikin tanti yake zaune ba.

Nahawu ma bukata ce ta haife shi. Sa'ad da Musulunci ya yaɗu, Larabawa suka cuɗanya da Farisawa da sauran al'ummu, kuskure ya fara shiga karatun Alƙur'ani, sai malamai suka tashi tsare harshen. Abin lura shi ne, Sibawaihi, mai littafin da har yau ake kira Alkitabu, Bafarishe ne, ya rasu wajen shekara ta 180 bayan Hijira. Ibn Haldun, wanda ya rasu a 808, ya tsaya a kan wannan cikin Muƙaddima. Ya lura cewa mafi yawan masu ɗauke da ilmi a Musulunci ba Larabawa ba ne, dalili kuwa a wurinsa shi ne ilmi sana'a ce ta zaman birni, su kuwa waɗancan sun riga Larabawa daɗewa a birane.

Amma ma'aunin da aka ƙera don wani harshe ba ya cika auna wani. Nahawun Larabci ya kasa magana uku: suna, aikatau, da harafi. Na Turawa ya kasa ta takwas, gado daga Yunanawa. Bahaushe yana cewa fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, yana kuma bambanta fari na launi da fari na rashin ruwan sama da muryarsa kawai. Sibawaihi bai tanadar wa wannan babi ba, don Larabci bai tilasta masa ba.

A fiƙihu ne maganar ta fi nauyi, domin nan ne ake halatta wa mutane ana haramta musu. Imamu Abu Hanifa, wanda ya rasu a 150, ɗan kasuwa ne mai sayar da tufafi a Kufa, birnin da ya tara jinsi iri iri da ciniki iri iri, saboda haka makarantarsa ta yi zurfi wajen ƙiyasi, har tana ƙaddara mas'alar da ba ta auku ba tukuna. Imamu Maliku, wanda ya rasu a 179, yana zaune a Madina tsakiyar jikokin Sahabbai, sai ya riƙi aikin mutanen Madina hujja. Imamu Shafi'i kuwa an san shi da tsohuwar magana ta Iraƙi da sabuwa ta Masar, inda ya rasu a 204. A nan sai a yi hattara. Masu cewa canjin gari kaɗai ne ya sa ya canja fatawa sun wuce gona da iri, domin ya sami hujjojin da bai samu ba a da, ya kuma sake nazari.

Ga misali kusa da mu. Abincin Madina a zamanin farko dabino ne da sha'ir. Amma Risala ta Ibn Abi Zaidi na Ƙairawan, wadda kowane almajiri a ƙasar nan ya sani, ta ɗora zakkar fid da kai a kan abincin da ya fi yawa a garin mutum, ta kuma ambaci gero da dawa da shinkafa. Ma'aunin bai motsa ba, mudu huɗu ne na Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin da ake zubawa ciki ne ya bi ƙasa. Alƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 684, ya ja kunnen mai fatawa da ya tambayi baƙo al'adar garinsu kafin ya ba shi amsa, domin hukuncin da aka gina a kan al'ada yana juyawa in ta juya. Ina ganin da masu kwaso fatawa daga wata ƙasa su sauke ta a kan mutanenmu sun karanta wannan, da rigingimu da yawa na aure da ciniki ba su tashi ba.

Sai dai al'ada tana da iyaka, ba ta ture nassi. Shaihu Usmanu ɗan Fodiyo ya tarar da al'adar barin mata da 'ya'ya mata cikin jahilci, har a gidajen malamai, bai ce ai haka aka saba ba, ya yi mata kakkausan suka cikin Nurul Albabi.

Lissafi fa, da ake cewa ba shi da ƙabila? Biyu da biyu huɗu ne a ko'ina, wannan gaskiya ne. Amma abin da ke sa mutum ya zauna ya yi lissafi ya bambanta. Alhawarizmi ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833 na Miladiyya, kuma babban sashe na littafin rabon gado ne da wasiyya, domin su ne ke gaban alƙalai. Lambobin da ya yi aiki da su daga Indiya suka zo, shi ya sa Larabawa ke jingina su ga Indiyawa, Turawa kuma ke jingina su ga Larabawa, mu kuwa muka karɓi sifiri da sunansa na Larabci. Wanda ya ce lissafin makarantar boko kayan Turawa ne zalla, sai ya faɗa mana wane ɓangare yake nufi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba sharuɗɗan da malaman Malikiyya suka gindaya kafin alƙali ya yi hukunci da al'ada.