Zanin Gado Daga Ƙyallayen Tela

Duk hutun sallah in na koma gida Maruta, ƙyallayen atamfa da shadda nake tararwa tuli a shagon yayana. Da su nake haɗa zanin gado in sayar a makaranta. Kuɗin furojet ɗina ma daga nan ya fito.

Zanen da ya fi tafiya shi ne murabba'i cikin murabba'i. Don gida ɗaya mai inci 6, yanki na tsakiya inci 4¾. Daga wani launi yanki murabba'i biyu, kowanne inci 3⅞, ka raba su daga kusurwa zuwa kusurwa, alwatika huɗu ke nan. Haɗa tsakiyar dogon gefen alwatika da tsakiyar gefen murabba'in. Fara ɗinka biyu masu fuskantar juna, ka bar rubu'in inci a baki, ka goge, sannan sauran biyun.

Dogon gefen nan fa a karkace aka yanke shi, miƙewa yake kamar roba. Karon farko na riƙa jansa a keke, gida goma suka fito a murguɗe, Yaya ya sa na warware duka. Bar keke ya ja abinsa.

In ka gama, auna: inci 6½, da rubu'in inci a saman kowane tsini, kada ɗinkin gaba ya cinye shi.